Da Aka Mayar da Malam Hambali Filin Fulatanci

Malam Hambali na unguwar Sheshe mutum ne dogo, fari, mai ɗan rama, irin wanda in kun yi kiciɓis a hanya ba za ka waiwaye shi ba. Amma da zarar ya yi sallama, ko a wane lungu ne na cikin birni, sai ka ga wani ya ɗaga kai ya ce ai wannan mai labaru ne. Mutane sun san muryarsa, ba su san fuskarsa ba. Ta cikin akwatin rediyo take shiga gidajensu, na katakon nan da ake jawo wa waya daga kan turke a rataye shi a zaure ko a tsakar gida. Akwatin tasha ɗaya gare shi, maɓallinsa ma ɗaya, na ƙara murya da ragewa. Abin da gidan rediyo ya sako, shi kowa zai ji.

Asalinsu Fulani ne. Kakansa makiyayi ne a wajen Dambatta, annoba ta share masa garke, ya shigo birni da 'ya'ya biyu, mace da namiji. Namijin ya koyi ɗinki, ya auri Bakanuwa, shi ne ya haifi Hambali. A gidan Hausa ake yi. Uban ba ya juya harshe zuwa Fulatanci sai ransa ya ɓaci, saboda haka abin da Hambali ya tashi da shi bai wuce gaisuwa da zagi da sunayen launin shanu ba. Ya yi allo, ya yi elementare, aka ɗauke shi malamin fata da ƙirgi a kusa da kara, wato kasuwar shanu, yana duba fatun da aka shanya yana buga musu hatimi.

Shigarsa aikin rediyo ba nema ya yi ba. Yana da al'adar karanta wa maƙwabta jaridar Hausa a ƙofar gida bayan la'asar. Wata rana a 1951 Malam Isyaku, wanda ke kula da shirye-shiryen Hausa a gidan rediyo, ya zo wucewa tayar kekensa ta yi faci, ya tsaya ana liƙe masa. Yana tsaye yana jin karatun. Da aka gama gyaran bai tafi ba sai da aka kai ƙarshen shafi, sannan ya tambayi mai karatun sunansa da inda yake aiki. Kafin watan ya ƙare Hambali ya bar fatu, ya zauna gaban makirfo.

Labaran gari aka ba shi, bayan sallar isha'i. Karatunsa a hankali yake, kamar mai taka ƙasa bayan ruwa. Sai ya yi gyaran murya, ya yi sallama, ya gaida mutanen birni da na waje, sannan ya fara. In labarin rasuwa ne yakan ɗan yi shiru bayan sunan mamacin, ya ba masu sauraro damar cewa Allah ya jiƙansa. Ba wanda ya koya masa wannan, kuma ba wanda ya hana shi. Masu rini a Ƙofar Mata sun haɗa hannu sun sa akwati a rumfarsu, sukan dawo bayan cin tuwo don su ji shi. A gidaje da yawa, in aka ji ya yi sallamar rufewa, an san lokacin kashe fitila da shigar da yara ya yi. Matarsa Mardiya kuwa da jin haka take ɗora masa ruwan zafi, ta san yana kan hanya.

Haka aka yi ta tafiya har 1957, shekarar da aka yi wa gidan garambawul. Aka ce daga yanzu manyan labaru daga Kaduna za a riƙa jawo su ta waya. Labaran gari an rage su, an kuma dawo da su tsakanin magariba da isha'i. Aka kawo sababbin ma'aikata, samari masu takardar midil waɗanda aka tura kwas, cikinsu har da wani Jibril ɗan unguwar Koki, shi ne aka ba labaran gari. Malam Isyaku ya kira Hambali ofis, ya daɗe yana zagaye-zagaye, yana yabon aikinsa, kafin ya fito da maganar. Ya ce an buɗe sabon fili na labaru cikin Fulatanci, ranar kasuwa da hantsi, saboda an kafa lasifika a kara don makiyaya da fataken shanu. Ya ce da aka zauna ana neman wanda zai riƙe filin, kowa sunansa ya ambata, tunda ga Bafillace a gida.

Hambali ya ji maganar har cikin ƙashinsa. Yana da abu biyu da zai iya faɗa: cewa ba a kyauta masa ba, da cewa shi fa bai iya Fulatanci ba. Fulako, kunyar nan ta Fulani, ya hana shi faɗin na farko, tsoron rasa aikin gaba ɗaya ya hana shi na biyu. Ya sunkuyar da kai ya ce ya ji, ya gode.

Makonnin farko zaurensa bai rabu da mutane ba. Kowa ya zo da ƙorafinsa. Wasu suka ce sabon lokacin bai yi ba, mutum yana masallaci ko yana kan akushi ake karantawa. Wasu suka ce yaron nan Jibril gudu yake yi kamar ana korarsa, ya faɗi rasuwar mutum ya zarce farashin gyaɗa ba ko numfashi. Masu rini suka aiko dattijonsu ya ce in ana so su je su yi magana, za su je. Hambali yakan ba su haƙuri, ya ce yaro ne, zai koya. A ransa kuwa daɗi yake ji, har ya fara sa ran za a kira shi a ce ya dawo. Ba a kira shi ba. Kafin damina ta yi nisa masu zuwa suka ragu, sannan suka daina. Mutane suka matsar da cin tuwonsu, kunnensu ya saba da saurin Jibril, shi ma ya ɗan rage gudun. Wata rana Hambali ya shigo gida ya tarar Mardiya ta ƙara muryar akwati tana sauraro, tana tsinke zogale. Ya wuce ɗakinsa, ita kuwa ba ta rage ba.

A can filin Fulatanci kuwa, dabara ya yi ta yi. Yakan ɗauki labarin Hausa, ya cusa duk kalmar Fulatancin da ya tuna, sauran ya lanƙwasa musu baki su yi kama da ita. A gidan rediyo ba mai jin yaren, saboda haka ba wanda ya gane. A kara ne aka gane. Wani dillalin shanu mai suna Gambo, abokinsa tun zamanin fatu, ya same shi ya gaya masa gaskiya ba tare da ya yi dariya ba. Ya ce ranar kasuwar da ta wuce, da yana ba da labarin sabon ɗakin haihuwa da aka buɗe wa mata, kalmar da ya yi amfani da ita ta haihuwar saniya ce, ba ta mutum ba. Ya ce makiyaya sun yi ta dariya har wani ya saki igiyar bijiminsa, kuma yanzu in lokacin ya yi taruwa suke yi a gindin lasifika don nishaɗi, ba don labari ba.

Ranar Hambali bai iya cin abinci ba. Mardiya ce ta tuna masa da Goggo Hajo, yayar mahaifinsa, wadda ke zaune a wani ɗaki na can ƙurya a gidan dangi a Koki. Ita tun tana budurwa aka mayar da ita ruga aure, ta yi shekaru a can. Da mijin ya rasu, 'yan'uwansa suka kaɗa shanu suka yi kudu, suka tafi da 'yarta guda ɗaya, ita kuma aka dawo da ita birni wajen ƙanenta. Ba ta sake aure ba. Yanzu ta tsufa, idonta ya yi rauni, tana kaɗin zare tana sayarwa. Hambali ba ya zuwa wajenta sai da salla, shi ma a tsaitsaye.

Ya je da la'asar, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa a bakin ƙofa ya gaishe ta. Da ƙyar ya iya faɗin abin da ya kawo shi. Ta saurara har ya gama, mazarinta bai tsaya ba. Sannan ta ce ya maimaita mata abin da ya faɗa a rediyon, yadda ya faɗe shi. Ya maimaita. Ta ajiye mazarin.

"Ubanka ne ya jawo wannan," in ji ta. "Na gaya masa ya riƙa yi muku magana, ya ce me za ku yi da ita a birni. To ga abin da za ku yi da ita. Shigo ka zauna."

Daga ranar ya zama duk jajibirin kasuwa yana ɗakinta. Ya karanta mata labari da Hausa, ta mayar masa da Fulatanci, ya rubuta da boko yadda kunnensa ya ji, ya karanta mata, ta gyara. Wani lokaci kalma ɗaya sai ta sa shi ya faɗa har harshensa ya gaji. Ba ta yabo. In ya yi daidai sai dai ta ɗauki mazarinta ta ci gaba, shi ne alamar a wuce gaba.

Wahalar aiki da ita ba a nan take ba. Goggo Hajo ba ta fassara abin da ba ta gamsu da shi ba. Kowane labari sai ta tambayi wanda ya faɗa, da ko ya gani da idonsa. In maganar allurar shanu ce ko gyaran burtali, tana da abin cewa fiye da abin da ke takardar, har sai ya tuna mata cewa shi ba a ba shi izinin ƙari ba. Ranar da labari ya zo cewa Rasha ta harba wani ƙarfe sama yana zagaya duniya kamar tauraro, sai ta ce sam ba za ta sa wannan a bakin iyayenta ba. Ya ce mata daga Kaduna aka aiko, duniya duk ta ɗauka. Ta ce to duniya ta faɗa da nata bakin. Suka yi ta ja har aka kira magariba. A ƙarshe suka shirya a kan zai fara da cewa an ce, ya kuma rufe da cewa Allah ne masani. Tun daga nan labaran Fulatanci na gidan suka cika da an ce, kuma makiyaya sun fi yarda da su a haka.

Dariya ta ƙare a kara. Gambo ya ce yanzu in an fara har ciniki ake dakatarwa. Hambali kansa ya sauya ba tare da ya lura ba. Ya fara zuwa Koki ko ba ranar aiki ba, da ɗan goro ko man shanu. Ya fara tambayarta abubuwan da ba su cikin labaru: sunan kakanninsu, inda suka yi mashekari, yadda annobar ta faro. Har ya kai suna hira rabi da rabi, in ya kakare ya koma Hausa, ta yi kamar ba ta ji ba sai ya sake gwadawa. Game da 'yarta dai bai taɓa tambaya ba, ita ma ba ta taɓa ɗauko zancen ba.

Da rani a 1958 wani dattijon makiyayi ya kawo shanu kara daga ƙasar Bauchi. Yana gindin lasifika ya ji labaru, ya tambayi Gambo ko mai maganar nan mutumin ina ne. Gambo ya ce haifaffen birni ne. Dattijon ya ce ba zai yiwu ba, wannan bakin na mutanensu ne, akwai kalmomin da ya ji waɗanda tun rasuwar iyayensa mata bai sake jin wani ya faɗa ba, kuma ma maganar irin ta tsofaffin mata ce. Gambo ya kawo shi Sheshe. Hambali ya ba shi ruwa da fura, ya gaya masa gaskiya cewa bakin ba nasa ba ne, na goggonsa ne. Da ya faɗi sunanta da sunan mijinta, dattijon ya ce mijin nan baffansa ne. Ya ce yarinyar da aka tafi da ita, Maimuna, tare suka tashi, tana nan da ranta, har ta yi jikoki. Su a can sun ɗauka uwar ta daɗe da rasuwa.

Hambali ya rasa yadda zai kai wannan magana. Ya kai dattijon Koki, ya bar shi a zaure, ya shiga ya faɗa mata da Hausa, don bai amince da Fulatancinsa a irin wannan wuri ba. Ta saurara har ƙarshe. Can ta ce a shigo da baƙon. Suka gaisa doguwar gaisuwa. Ta tambaye shi mutanen gidan ɗaya bayan ɗaya, wa ya mutu, wa ya rage. Ta tambayi shanu, har jikokin wata saniya da aka ba ta ranar aurenta. Ba ta tambayi 'yarta ba, don 'yar fari ce, bakinta ba zai kama sunan ba. Dattijon ya san haka, shi ya sako zancen da kansa, ya yi ta bayani yana kallon ƙasa, ita kuma tana ta juya mazari ba zare a jikinsa.

Maimuna ta zo bayan girbi, a motar fatake. Mace ce mai furfura, doguwa kamar uwar, ba ta jin Hausa ko kaɗan. Hambali ne ya tarye ta a tasha, kuma a hanyar nan daga tasha zuwa Koki ya fara yin doguwar magana da Fulatanci ba takarda a hannunsa. Mardiya da matan gidan sun taru suna jiran a yi koke-koke. Ba a yi ba. Maimuna ta durƙusa daga bakin ƙofa ta yi gaisuwa. Goggo Hajo ta juya fuska wajen bango ta amsa, sannan ta ce wa Hambali:

"Tambayi baƙuwar nan ko ta ci abinci."

Ya tambaya. Maimuna ta ce ya gaya mata ta ci a hanya. Haka suka yi kwanakin farko, suna ɗaki ɗaya, magana tana bi ta bakinsa ko ta bakin duk wanda ya shigo. Amma matan gidan sun ce in ba kowa sukan ji muryoyinsu ƙasa-ƙasa ba tsayawa, kuma da safe Maimuna ce ke taje wa tsohuwar kai. Ta yi wata biyu ta koma, ta bar mata ƙwarya da zane saƙi.

Goggo Hajo ta rasu da daminar 1959, bayan gajeriyar jinya. Sanarwar ta faɗo cikin labaran gari, Jibril ne ya karanta. Da safe kafin ya tafi aiki ya zo gaisuwa, tunda unguwarsu ce, ya zauna a tabarma kusa da Hambali har aka watse. Daga wannan zaman ne suka fara shiri, don a da gaisuwa kawai ke haɗa su. Hambali ya aika wa Maimuna ta hannun fatake, saƙon ya daɗe kafin ya isa.

Ya ci gaba da filin shi kaɗai. Yana kuskure jefi-jefi, amma na wanda ya iya ne, kuma makiyaya sukan aiko Gambo da gyara. Kusan ƙarshen shekarar aka sake sauya tsari. Aka ce labaran Fulatanci ma daga Kaduna za a riƙa yi, don a haɗa wa lardunan Arewa duka. A lokacin ne kuma ake ta zancen akwatin da aka fara a Ibadan, wanda ake ganin mai magana a ciki, samarin gidan kowa yana so a tura shi koyo. Malam Isyaku ya sake kiran Hambali, ya ce Kaduna suna son sa, da gida da ƙarin girma. Wannan karon bai sunkuyar da kai ba. Ya ce ya gode, amma ba zai iya tashi daga Kano ba, in da hali a mayar da shi wajen fatu. Malam Isyaku ya ba shi lokaci ya yi shawara. Ya yi da Mardiya, ta ce duk inda ya ce nan ne, sai dai ita ba ta ga abin da za ta je yi a garin da ba ta san kowa ba.

Aka mayar da shi ofishin fata da ƙirgi. Amma zamansa a kara bai koma yadda yake a da ba. Makiyayan da suka san muryarsa suka fara nemansa, wannan a karanta masa takardar allura, wancan a raka shi asibiti ya yi masa tafinta, wani kuma wurin kwana yake nema. Ya gyara zaurensa na Sheshe, ya ƙara ɗaki ɗaya a gefe, ya zama masaukin mutanen ƙasar Bauchi duk rani. Da ya bar aikin gwamnati, da wannan ya rayu, yana tsaya musu a ciniki. Cikin masu sauka har da 'ya'yan Maimuna, waɗanda ke kiransa kawu. Biyu daga cikin 'ya'yansa mata can ƙasar Bauchi aka kai su aure, da yardarsu, kuma Mardiya, wadda ta ce ba ta son garin da ba ta san kowa ba, sai da ta je wankan jego har sau uku.